Kafin ka ce "a yi mata filashin": idan waya ta maƙale a tambari bayan sabuntawa



Yau ra'ayi zan faɗa, kuma na san wasu abokaina masu gyaran waya ba za su ji daɗinsa ba. Idan wayarka ta karɓi sabuntawar manhaja, sannan ta koma kashe kanta tana kunnawa, ko ta tsaya cak a kan tambarin kamfani, filashin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi mata. Mu kuwa a nan mun mayar da shi na farko. Wannan ɗabi'a tana jawo wa mutane asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

Ina da wani yaya, ɗan kawuna, da ke sana'ar hatsi da riɗi a Ajingi. Duk lissafin bashin da yake bin mutane a wayarsa yake, wani a manhajar rubutu, wani a saƙonnin murya na WhatsApp. Wani dare wayar ta nuna masa akwai sabuntawa, ya danna ya kwanta, cajin bai kai kashi 30 ba, kuma babu wuta. Da asuba ya tarar da ita tana nuna tambari, ta ɗauke, ta sake nunawa. Ya ari wayar maƙwabci ya kira ni ina Gaya.

"Injiniya, wayar nan ta ƙi wuce tambari."

Na ce, "Yaya, don Allah kar ka ba kowa ita. Sa ta a caji, da la'asar ina nan zuwa."

Ranar kasuwa ce, masu kawo kaya suna nemansa, bai iya jira ba. Kafin in iso an yi mata filashin. Waya ta tashi fes, amma babu lissafi, babu lambobi, babu muryar marigayiya mahaifiyarsu da ya ajiye shekara biyu. Bayan kwana biyu kuma ta koma kashe kanta. Da muka buɗe bayanta sai ga batir ya kumbura. Aka canza batir, ciwo ya warke. Garin neman gira an rasa ido, kuma har yau akwai bashin da sai abin da mai shi ya ga dama ya faɗa.

Me ke faruwa a cikin wayar?

A ƙarƙashin duk manhajojin da kake gani akwai wata babba da ake kira kenel. Ita ce ke tsakanin manhajoji da ƙarafan wayar. Ita ke raba ƙwaƙwalwa, ita ke ba kowace manhaja lokacinta a kan injin, ita ke magana da sikirin da kyamara da batir ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Wayoyin Android, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi, duk kenel ɗin Linux suke amfani da shi, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991.

Ka ɗauke shi kamar sarkin kasuwa. Idan ɗan rumfa ɗaya ya yi rigima, sarkin kasuwa zai fitar da shi, ciniki ya ci gaba. Wannan shi ne lokacin da Facebook ya rufe kansa amma wayar tana aiki. To idan sarkin kasuwar ne da kansa lissafi ya ruɗe masa fa? Babu na sama da shi da zai gyara. Abin da kenel ke yi a nan shi ne ya tsayar da komai da gangan, don kada ya ci gaba da rubuta shirme a kan bayananka. Masu Linux suna kiran wannan kernel panic, wato kenel ya firgita. A kwamfuta mai Windows shuɗin allon nan ne da muka sani. A waya ba ka ganin komai, sai dai ta ɗauke ta sake kunnawa.

Ka riƙe wannan: tsayawar kariya ce. A mafi yawan lokuta hotunanka da lambobinka suna nan lafiya a lokacin da wayar ke ta zagaye a tambari. Ba rikicewar ce ke goge su ba, mu ne muke goge su da hannunmu.

Sannan ba duk rikicewa ce daga kenel ba. Akwai matakai. A watan Maris na 2021 manhajoji irin su Gmail suka riƙa rufe kansu a wayoyin Android a faɗin duniya. Dalili shi ne wata sabuntawa ta Android System WebView, kuma maganin bai wuce sake sabunta WebView da Chrome daga Play Store ba. A farkon Oktoban 2024 kuma wayoyin Galaxy S10 da Note 10 da dama suka shiga zagayen tambari, Samsung ya amsa cewa sabuntawar manhajarsa ta SmartThings Framework ce ta jawo, ya dakatar da ita. A ido duk ciwo ɗaya ne, waya ta ƙi aiki. A ciki kowanne da tushensa, kowanne da maganinsa.

Ranar da fayil ɗaya ya tsayar da jiragen sama

Wanda yake ganin wannan matsalar masu ƙananan wayoyi ce, ya tuna da Juma'ar 19 ga Yuli, 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wata 'yar sabuntawa ga manhajarsa ta Falcon. Wannan manhaja tana da direba da ke aiki a cikin kenel ɗin Windows. Fayil ɗin da aka tura ya sa direban ya nemi bayani na 21, alhali guda 20 aka ba shi. Ya miƙa hannu inda babu komai, kenel ya tsaya, shuɗin allo ya fito. Kwamfuta ta sake kunnawa, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa.

Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Bankuna da asibitoci da filayen jirgi suka tsaya. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar.

To da me aka gyara? Ba a goge kwamfutocin nan ba. An kunna su a Safe Mode, an shiga jakar direbobin CrowdStrike, an goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, an sake kunnawa. Shi ke nan. Babbar rikicewar kenel da duniya ta gani, goge fayil ɗaya ya warkar da ita, saboda an tsaya an gano tushen ciwon tukuna. Da a teburin gyaran waya na garinmu aka kawo su, na tabbata da filashin za a fara.

Me ya sa sai bayan sabuntawa?

Wani lokaci laifin kamfani ne tsantsa, kamar misalan da na kawo. Amma a irin wayoyin da muke riƙewa a Gaya da Ajingi, sau da yawa sabuntawa tona asirin tsohon ciwo take yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na farko batir. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, injin yana jan wuta sosai, waya tana zafi. Batirin da ya gaji da zafin watan Afrilu da cajin janareta a shagon mai caji ba ya iya ba da wutar da ake nema a wannan lokacin, sai waya ta ɗauke. Ko Apple ya amsa a Disambar 2017 cewa ya rage wa tsofaffin iPhone gudu ne don gajiyayyen batir yana sa su mutuwa ba zato.

Na biyu kayan gyara. Mu nawa ne wayarmu take da sikirin ɗinta na asali? Sikirin da aka canza yana iya zuwa da wata ƙwaƙwalwar taɓawa daban, wadda tsohon direba yake haƙuri da ita, sabo kuma ya ƙi. A 2018 sabuntawar iOS 11.3 ta sa wasu iPhone 8 da aka sa wa sikirin na kasuwa suka daina jin taɓawa, sai da Apple ya fitar da 11.3.1 ya gyara.

Na uku memori, musamman na jabu, mai rubutun 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Na huɗu cikewar ma'ajiyar waya da bidiyoyin TikTok da na biki har babu wurin da sabuntawa za ta sauke kayanta. Na biyar wayar da aka taɓa yi wa rutin, ko aka taɓa ɗora mata manhajar da ba ta ainihin samfurinta ba.

Ka duba jerin nan da kyau. Filashin ba ya gyara batir, ba ya gyara sikirin, ba ya mayar da memorin jabu na gaske.

Abin da za ka yi, bi da bi

Ƙa'idar ita ce ka fara da abin da ba ya goge komai, kuma ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, don ka san wanne ya yi aiki.

1. Ka yi haƙuri tukuna. Kunnawar farko bayan sabuntawa tana daɗewa, musamman a ƙaramar waya. Sa ta a caja mai kyau, a inuwa, ka ba ta kamar rabin awa. Kar ka cire batir, kar ka yi ta dannawa.

2. Idan ba ta wuce ba, danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti na daƙiƙa 10 zuwa 20 har ta ɗauke ta sake tashi.

3. Cire memori da layuka, ka sake kunnawa. Wayar wani abokina mai POS a bakin titin Gaya da wannan kaɗai ta tashi. Memorin ne ya mutu.

4. Gwada Safe Mode. A wayoyi da yawa, idan tambari ya fito sai ka danne maɓallin rage sauti har ta gama tashi. A wannan yanayi manhajojin da ka ɗora da kanka ba sa aiki. Idan ta tashi lafiya, to ɗaya daga cikinsu ce mai laifi. Kafin komai ka kwashe hotuna da lambobinka, sannan ka cire manhajojin da ka ɗora kwanan nan, musamman waɗanda aka turo maka ta Xender.

5. Shiga Recovery Mode, yawanci da maɓallin kunnawa da na ƙara sauti lokacin da wayar take a kashe. A nan ake yin kuskure mafi tsada. Wipe cache partition, idan wayarka tana da shi, ba ya taɓa kayanka. Wipe data ko Factory reset yana goge komai. Layukan biyu suna kusa da juna, ka karanta sau biyu kafin ka danna.

6. Tun daga Android 8, idan waya ta yi ta faɗuwa tana iya kai kanta wani allo mai cewa ba ta iya loda Android, ta ba ka zaɓi biyu: Try again da Factory data reset. Ka zaɓi Try again, ko sau uku ne, tana kan caji.

Akwai kuma wayoyin da ke da ɗaki biyu na manhaja, tsarin da Google ya kawo da Android 7 a 2016. Ana ɗora sabuwa a ɗaki ɗaya, tsohuwa tana ɗaya. Idan sabuwar ta kasa tashi sau da dama, wayar tana komawa tsohuwar da kanta. Wanda ya yi gaggawa bai ba ta wannan damar ba.

Ga masu son leƙa ciki kamar ni: idan wayar tana tashi na ɗan lokaci kafin ta mutu, tana barin shaida. A Android ka shiga About phone, ka danna Build number sau bakwai, Developer options zai buɗe, ka kunna USB debugging. Ka haɗa ta da kwamfuta mai adb, ka rubuta adb shell getprop sys.boot.reason. Za ta faɗa maka dalilin tashinta na ƙarshe. Idan ka ga kernel_panic ko watchdog, ciwon yana can ƙasa, ka fara zargin direba ko batir ko fanel. A iPhone ka shiga Privacy & Security, sannan Analytics & Improvements, sannan Analytics Data, ka nemi fayil mai farawa da panic-full. Ni ban yi jami'a ba, a irin waɗannan rubuce-rubucen na koyi rabin abin da na sani. Filashin kuwa yana tafiya da wannan shaida gaba ɗaya.

Masu laftof ma haka abin yake. Idan Windows ta kasa tashi sau biyu a jere, tana buɗe allon gyara. Ka shiga Troubleshoot, sannan Advanced options, akwai Uninstall Updates da zai cire sabuntawar ƙarshe ba tare da ya taɓa fayilolinka ba. Ka ɗauki hoton shuɗin allon da waya, don rubutun da ke ƙasansa wani lokaci yana ɗauke da sunan direban da ya jawo. A Ubuntu kuma tsohon kenel yana nan a Advanced options na allon farko, ka zaɓe shi ka tashi.

Idan dole sai an je wurin mai gyara

Ba na cewa filashin ba shi da rana. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhaja a wayar da ba ta da ɗaki biyu, wani lokaci babu makawa. Kuma ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Mutum ne zai zo ya tsaya maka a ka yana cewa yanzu yake son wayarsa, kuma ba zai biya ka kuɗin bincike ba sai ya ga ta tashi. A wannan hali filashin ya fi sauri, ya fi kawo kuɗi. Mu masu waya mu ne muka koya musu haka.

Saboda haka ka je da bakinka. Ka ce, "Maigida, akwai kayana a ciki, kar a goge komai sai ka kira ni." Ka nemi a gwada ta da wani batir kafin a taɓa manhaja. Ka faɗi gaskiya idan an taɓa canza sikirin ko ta taɓa faɗawa ruwa.

Idan an kai ga filashin, shi ma iri-iri ne. A manhajar SP Flash Tool da ake yi wa wayoyi masu injin MediaTek aiki da ita, akwai Download Only, akwai Format All + Download. Na biyun yana iya share har lambar IMEI, waya ta tashi amma ta ƙi ganin layi. A Odin na Samsung, fayil ɗin HOME_CSC yana barin kayanka, CSC yana gogewa. Kuma kar ka yarda a ce za a mayar maka da tsohuwar manhaja kai-tsaye. Wayoyi da yawa yanzu suna da makullin hana komawa baya. A 2018 masu Redmi Note 5 Pro da dama sun kashe wayoyinsu murus ta wannan hanya.

Idan wayar tana cikin garanti, kuɗin motar Gaya zuwa Kano ta Wudil ya fi sauƙi a kan sayen sabuwa. Masu Tecno da Infinix da itel su nemi Carlcare kafin kowa ya buɗe ta. Idan garanti ya ƙare, a Farm Centre da Beirut Road akwai masu na'urar auna wutar da fanel ke ja, abin da ba kowane teburi a ƙauye yake da shi ba.

To mu daina sabuntawa ke nan?

Wannan shi ne ɗaya kuskuren, kuma na ji shi a bakin mutane da yawa a majalisarmu: "Ni ba na taɓa danna abin nan, shi ke kashe waya." Yayana ma abin da ya ce ke nan bayan abin da ya same shi. An gudu ba a tsira ba.

Wayar da ke aljihunka yau banki ce. OPay yana ciki, Moniepoint yana ciki, lambar sirrin da banki ke turowa a nan take sauka. Yawancin sabuntawa toshe ɓaraka ce da ɓarayi suka riga suka sani. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta tsayar da asibitoci a Ingila ta bi ƙasashe da dama, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Sannan manhajoji suna barin tsofaffin wayoyi a baya. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da ke ƙasa da 5.0.

Abin da nake yi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne in sabunta da shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan babbar sabuntawa ce, daga Android ɗaya zuwa wani, ina jira kamar mako guda in ji abin da masu irin wayata suka gani. Ƙananan na tsaro ba na jinkirta su sosai. Ina tabbatar da caji ya haura kashi 60, ko tana jone da wutar da ba za ta ɗauke ba. Ina rage kaya don a sami fili. Ina tura lambobi zuwa Gmail, in sa WhatsApp ya ajiye kwafi a Google Drive, wanda ke ba kowa 15GB kyauta, hotuna masu muhimmanci kuma in kwafe su a wani wuri. Ba na sabuntawa daren kasuwa, ko daren jarrabawa, ko ina shirin tafiya.

Abu ɗaya da ya fi cin mutanenmu: ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka. Da yawa mai shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, ba su ma san adireshin ba. Bayan an goge waya, Android zai nemi wannan asusun kafin ya buɗe, kuma duk kwafin da ka ajiye yana bayan wannan ƙofar. Ka rubuta shi a takarda yau, ka ajiye inda kake ajiye katin zaɓe.

Kamfanoni ma suna da nasu. Wanda ke sayar da waya a inda wuta ba ta tsayawa kuma data take da tsada, ya kamata tsarin ɗaki biyu ya kai ga ƙananan wayoyinsa, ya riƙa sakin sabuntawa kaɗan-kaɗan kafin ta kai ga kowa, kamar yadda CrowdStrike ya koma yi bayan ya sha kunya, kuma gargaɗin da ke fitowa kafin a danna ya zo da Hausa. Yayana da ya karanta "cajinka bai isa ba, kar ka fara" da harshensa, da ya bari sai gari ya waye.

Yanzu ya sayi littafi mai bango, duk bashin da ya bayar yana shiga can kafin ya shiga waya. Na kunna masa ajiyar WhatsApp, na rubuta masa kalmar sirrinsa a shafin ƙarshe. Sabuntawar da ta zo bayan nan a gabana muka yi ta, da cikakken caji, ta ɗauki minti ashirin ta tashi lafiya.

Idan taka ta taɓa maƙalewa a tambari, ka tuna da tambaya ɗaya kafin ka miƙa ta: me aka gano yana damunta? Idan amsar ita ce "sai an yi filashin mu gani", karɓi wayarka ka ƙara gaba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.